Sauka a Zanzibar da Jakar Goyo: Daga Bakin Ruwa Zuwa Gadon Hostal

Tsakanin Darussalam da tsibirin Unguja, wanda aka fi sani da Zanzibar, kilomita 70 ne da 'yan kai, kuma jirgin ruwa mai sauri kan tsallake cikin awa biyu. Amma je ka tsaya a ƙofar tashar Malindi ta Zanzibar da almuru, sa'ad da jirgin ƙarshe ya juye mutanensa, ka ga yadda masu jakar goyo ke fitowa. Ido ya faɗa, riga ta jiƙe sharkaf, waya ta mutu, cikin wani bai gama lafawa daga amai ba, ga samari sun yi musu caa, kowa na cewa shi ya san masaukin da ya fi. A nan ake biyan tasi ninki uku don tafiyar da ƙafa za ta yi cikin minti goma, a nan ake bin wanda ba a sani ba zuwa ɗakin da ba a nufa ba.

Yawancinsu tafiya biyar ko shida suka ɗora wa wuni ɗaya: jirgin sama na dare, cunkoson Darussalam, layin tikiti, teku, layin jami'an shige da fice, sannan neman gida a cikin lungu. Gajiyayye kuwa ba ya ciniki, ba ya lissafi, abin da aka ce masa shi yake yi don dai ya samu ya kwanta. Saboda haka duk shawarar da ke buƙatar tunani a yanke ta tun hankali na tare da mutum, a kuma isa tsibirin da sauran rana.

Aikin daga gida yake farawa, da takardu uku, ta farko biza ce. Mai fasfon Najeriya, Nijar ko Chadi ba ya cikin waɗanda ake buga wa bizar Tanzaniya a filin jirgi. Sai ya nema ta intanet, takardunsa su je gaban manyan hukumar shige da fice su amince tukuna, abin kuma kan ɗauki makonni. A ba shi wata biyu, kada a sayi tikitin jirgi sai amsa ta fito. Ta biyu katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda ake tambayar duk wanda ya fito daga ƙasashenmu. Katin ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, amma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, don haka tsohon katinka yana nan da ƙarfinsa. Ta uku sabuwa ce: daga 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙo sayen inshorar tafiya daga kamfaninta na ZIC, dala 44, mai aiki har kwana 92, ko da yana da wata inshorar daga gida. Ka buga bizar da inshorar a takarda, ka haɗa su da katin cikin fasfo, domin za a sake duba su a tashar ruwa ko da an buga maka hatimi a Darussalam. Dalili kuwa, Zanzibar ta haɗe da Tanganyika ranar 26 ga Afrilun 1964 aka sami Tanzaniya, amma ta riƙe shugabanta da majalisarta da wasu dokokinta.

Jakar da ta haura kilo 12, a matakalar hostal, wato gidan hayar gado, za ka gane kurenka, domin gidajen tsohon garin Zanzibar hawa uku ne ko huɗu, matakalarsu a tsaye, gado mai araha kuma yakan kasance can sama. Jaka biyu ake yi: babba a baya, ƙarama a ƙirji wadda ba ta rabuwa da kai. A ƙaramar ake sa fasfo, kuɗi, waya, caja, fawa-bank, biro, magani, da takardar da ka rubuta sunan hostal, unguwarsa da lambar wayarsa da hannunka. A babbar, bayan tufafi marasa nauyi, kada a manta da kwaɗo mai kyau, ƙaramar tocila, tawul, silifas, abin toshe kunne da sallaya mai naɗewa. Kada ka ƙunshe kaya a leda, Tanzaniya ta haramta ledar zuba kaya tun 1 ga Yunin 2019. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya. Mutumin Maraɗi ko Garwa, da ya saba da mai baki biyu, sai ya nemi mahaɗi.

Ga inda aka fi faɗawa. Jiragen ruwa masu sauri da rana suke aiki, na farko da ƙarfe 7 na safe, na ƙarshe wajen ƙarfe 4 na yamma. Filin jirgin saman Julius Nyerere na Darussalam kusan kilomita 12 ne daga tashar ruwa, amma titin kan ci awa guda ko fiye in cunkoso ya tashi. Wanda ya biyo ƙasa lissafinsa ya fi muni. Motocin Arusha da Moshi wuni suke yi a hanya, su sauke mutum da yamma ko da dare a tashar Magufuli ta Mbezi, can bayan gari. Jirgin ƙasa na TAZARA, mai tahowa kilomita 1,860 daga Kapiri Mposhi ta Zambiya, ya yi suna wajen makara, kuma ba makarar minti ba. Hukuncina a nan ba sassauci: in ka shigo Darussalam bayan azahar, ka kwana. Unguwar Kariakoo cike take da ƙananan gidajen baƙi, masallatai da wuraren cin abinci, ba ta kuma da nisa da bakin ruwa. Ka yi wanka, ka miƙe a kan gado, ka kama jirgin hantsi, ka sauka Zanzibar kafin azahar da hankalinka a jikinka. Kuɗin kwana ɗayan nan bai kai abin da gajiya za ta sa ka zubar a ƙofar Malindi ba. Tafiya sannu-sannu, kwana nesa.

Agogon Tanzaniya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu, wannan waya za ta gyara da kanta. Abin da ba za ta gyara ba shi ne yadda masu magana da Swahili ke ƙirga lokaci. Su daga fitowar rana suke farawa: ƙarfe 7 na safe a bakinsu saa moja ne, awa ta ɗaya. In mai gidan baƙi ya ce jirgi zai tashi saa tatu, ko ya juya maka shi kai tsaye ya ce ƙarfe uku, ƙarfe 9 na safe yake nufi. Ka ƙara shida, ko ka nuna fuskar agogo a tabbatar maka da yatsa.

Kamfanin da ya fi jigila a layin shi ne Azam Marine, jiragensa ana kiransu Kilimanjaro, kowanne da lambarsa, tashar kuma tana kan titin Sokoine daura da majami'ar St Joseph. Ka ce wa mai tasi ko mai bajaji, wato A Daidaita Sahu, boti za Zanzibar. In ka ce feri kawai, yana iya kai ka Kivukoni, inda ake tsallakawa Kigamboni, hayin Darussalam ɗin kanta. Tun kafin mota ta tsaya 'yan kamasho za su buɗe maka ƙofa, wani har da kati a wuya, su ce ofis ya koma can, ko tikiti ya ƙare sai a wajensu. Ka wuce su da murmushi, ka shiga ginin kamfanin da ƙafarka, ka miƙa fasfo a taga, domin da sunanka ake buga tikitin. Kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. Tsari ne, ba cuta ba. In da hali ka saya ana gobe tafiya, musamman ƙarshen mako, lokacin Sallah, da watan Fabrairu da ake bikin Sauti za Busara. Ka iso awa guda kafin tashi. Ɗan dako kuwa, kada hannunsa ya taɓa jakarka sai an tsayar da kuɗi: shilingi ngapi, nawa ne. Ko ka ce hapana, asante, a'a na gode, ka goya abarka.

In an yi maka tayin jahazi, jirgin katako mai tashi da dare a kan kuɗi kaɗan, kada ka yarda. Ruwan nan ya ci mutane ko a manyan jirage. Ranar 10 ga Satumban 2011 Spice Islander, maƙare da mutane da kaya fiye da ƙima, ya nutse tsakanin Unguja da Pemba. A Yulin 2012 Skagit ya kife a hanyarsa daga Darussalam zuwa Zanzibar. Da ka zauna, ka duba inda rigar ceto take.

Wanda ya tashi nesa da teku bai san cikinsa ba sai ya hau. Daga wajen Mayu zuwa Satumba iskar kudu, kusi, ke kaɗawa, ruwan ya yi ta tsalle, kuma na yamma ya fi na safe. Ka ci abu mara maiƙo awa ɗaya ko biyu kafin tashi, shayi da burodi ko ayaba. Wofin ciki da cikakken ciki duk amai suke kawowa. Maganin tashin zuciya na matafiya minti 30 zuwa awa guda kafin hawa ake sha, ba bayan jiri ya fara ba, kuma yana sa barci. Citta ma tana taimako, a riƙa tsotsa. Ka zauna a hawan ƙasa, daga tsakiya zuwa baya, domin goshin jirgi shi ke ɗagawa ya faɗo. Ka ajiye waya, ka kafa ido inda ruwa ya haɗu da sama. In an raba jakar amai ka karɓa, manya masu gemu ma suna amfani da ita. Babbar jaka za a sa ta cikin keji da na sauran fasinja; ka ɗaura mata ƙyalle mai launi, baƙaƙen jakunkuna duk fuskarsu ɗaya.

Idan jirgi ya tsaya kada ka shiga turereniyar ƙofa. Ka ɗauki jakarka, ka bi layin baƙi, ka cike 'yar takardar shiga da bironka. A nan ake tambayar inda za ka sauka. Kafin ka fita ka wanke fuska, ka ɗaure jaka da kyau, ka duba hanyarka a taswira. Abin da ba a so shi ne ka fito ka tsaya a ƙofa kana jujjuya waya.

Samarin ƙofar, da mutanen gari ke kira papasi, yawancinsu ba ɓarayi ba ne. Abinci suke nema, abincinsu kuma kamasho ne. Duk gidan da suka kai ka zai ba su wani abu, ya ɗora a kan kuɗin gadonka. Shi ya sa za ka ji cewa hostal ɗin da ka kama ya cika, ko an rufe, ko ana gyara. Amsar guda ce: ina da wuri, ana jirana. Kada ka faɗi sunan gidan, wani zai bi ka a baya ya ce shi ya kawo ka. Kada kuma ka yi tsawa. Sallama tana aiki a nan fiye da yadda kake zato, ka yi ta kana tafiya ba tsayawa. Baƙar fata da ya iya sallama sau da yawa ma ba a kula shi, sai dai jakar ta tona masa asiri.

Ka sa teku a hannun damanka ka bi titin Mizingani. Za ka wuce tsohon asibiti mai barandar katako da aka yi wa ado, da wata ƙatuwar bishiya, da fadar sarakuna, sai Beit al-Ajaib da Sarki Barghash ya gina a 1883, wanda wani ɓangarensa ya rufta a Disamban 2020, sai Ngome Kongwe, tsohon sansanin Larabawan Oman, da lambun Forodhani a gabansa. Daga wannan layin ake kwatanta kowane gida na tsohon gari, wanda taswira ke kira Stone Town, mutanensa kuma Mji Mkongwe. Tasi ba ta da amfani, domin mota ba ta shiga yawancin lungunan. Za ta zagaya da kai ta sauke ka a wani gefe, ka ƙarasa da ƙafa duk da haka. Wanda ya taɓa ratsa lungunan bayan kasuwar Kurmi a Kano ya san irin abin, sai dai gidajen nan na dutsen teku ne, dogaye, kuma tsawon nasu ke ruɗa waya: ɗigon da ke nuna inda kake zai yi ta tsalle daga wannan lungu zuwa wancan. Baki ya fi ta. Ka riƙe sunan unguwa, Malindi ce, Kiponda, Hurumzi, Shangani, Mkunazini ko Vuga, ka tambayi mai shago ko dattijon da ke zaune a baraza, dakalin da ke jikin gidajen. Dattijo ana gaishe shi da shikamoo, ya amsa marahaba, sannan a yi tambaya. In ka ji ƙararrawar keke ko ƙarar babur ka manne da bango, ka tuna jakar ta ƙara maka faɗi. Ɓata kam dole ne, amma ba ya daɗewa: teku ya kewaye tsohon garin ta gefe biyu, babban titin da ke gaban kasuwar Darajani ya rufe na uku, duk inda ka miƙe za ka ɓulla ɗayansu. Mafi sauƙi duka, ka aika wa hostal saƙo ana gobe, da lokacin jirginka, ka roƙi su turo yaro ya tare ka.

Akwai masu cewa su ba gari suka zo gani ba, bakin teku suke so, a daren nan. Nungwi, can ƙarshen arewa, kusan kilomita 60 ce; Paje da Jambiani a gabas 50 ko fiye. Tasi tana zuwa, da tsada. Daladala, motar haya ta kowa, araha ce ƙwarai, mai lamba 116 ita ke zuwa Nungwi. Amma sai ta cika take tashi, tana tsayawa ko'ina, wasu ma a-kori-kura ce da aka yi wa benci da rufi, mutum na zaune gwiwa na gugar gwiwa, jakarsa na sama tare da buhunan gawayi. Da rana abin nishaɗi ne. Bayan magariba motocin suna ƙaranci, rana kuwa tsakanin ƙarfe 6 da 7 take faɗuwa duk shekara, duhu ya rufe nan da nan. Neman hostal a Jambiani, ƙauyen da ya miƙe kilomita da dama a bakin ruwa, a hanyar yashi da tocilar waya, ba abin da zan so wa kowa ba ne. Ka kwana a gari. Gobe ka ciri kuɗi, ka sayi layin waya da fasfonka, ka nemi canji, domin takarda mafi girma ta shilin 10,000 ce kuma kwandasta ba ya maraba da ita, sannan ka tafi da hantsi.

To, ga ka a ƙofa, ta katako sassaƙaƙƙiya mai ƙusoshin tagulla, sunan gidan ɗan ƙarami a gefe. Ka ce hodi, wato sallamar ƙofa, a ce karibu, wato maraba, ka duba ko ana cire takalmi. Hostal gida ne da ake hayar gado maimakon ɗaki: mutum huɗu, shida, takwas ko fiye a ɗaki guda, a gadaje masu hawa biyu, banɗaki da kicin na kowa. A al'ada ba a ba da gado sai wajen ƙarfe 2 na rana. In ka riga lokaci za su ajiye maka jaka.

Kafin kuɗi ya bar hannunka ka tambaya: farashin ya haɗa da harajin kwana da gwamnati ke karɓa kan kowane baƙo? Ya haɗa da karin kumallo? Ɗakin, maza da mata a haɗe suke ko an raba? Ta ƙarshen ita ke ba mutanenmu mamaki. A irin waɗannan gidaje haɗewa ce asali, sai an faɗa ake rabawa. 'Yar'uwa mai tafiya ita kaɗai ta nemi ɗakin mata zalla tun lokacin kama wuri a Hostelworld ko Booking.com, ta kuma sake tabbatarwa da saƙo. Namijin da ba zai iya haɗakar ba ya nemi ƙaramin ɗaki na mutum ɗaya a gidajen baƙi na 'yan gari. In hostal ɗin na bakin teku ne, a ƙara da tambayar ko akwai mashaya a ciki, da lokacin da ake kashe kiɗa.

Sannan ka ce a nuna maka gadon. Wannan ne aikin da gajiya ta fi son ka tsallake. Ajiye jakar a ƙasa, nesa da katifa. Yaye zanen gado ta wajen kai, kunna tocila, bi ɗinkin katifar da yatsa, leƙa mahaɗar katako ko ƙarfe. Baƙaƙen ɗige-ɗige, busasshen jini a zane, ɓawon ƙwaro, duk shaidar kuɗin cizo ne, kuma in ya shiga jakarka da shi za ka koma gida. In ka gani, sauya gado ba ya magani, ɗaki ake sauyawa, ko gidan gaba ɗaya. Warware gidan sauro ka ɗaga shi wajen haske. Ƙaramin rami ana ƙulle shi da zare, babba a ce a kawo wani. Kunna fanka ka ji ko iskarta na kaiwa gadon. Shiga banɗaki ka buɗe famfo da kanka, ka duba ko akwai abin tsarki. Gidajen da aka shirya domin Turawa wani lokacin takarda kawai suke ajiyewa, sai gorar ruwan da ka shanye ta zama buta. Gwada kwaɗonka a loka. In an ba ka zaɓi, ɗauki gadon ƙasa, nesa da ƙofa, kusa da taga. Na sama ya fi zafi, yana girgiza, kuma da wuya ka sauko da asuba ba ka tashi na ƙasanka ba.

Kwana ɗaya za ka biya, ka karɓi rasit. In wurin ya yi, ƙarawa ba ta da wuya. In bai yi ba, karɓo kuɗin da aka riga aka miƙa shi ne aiki. Fasfo a duba a dawo maka da shi nan take, ya shiga loka.

Bayan nan a ba jiki haƙƙinsa, bi da bi. Ruwa tukuna, na gora ba na famfo ba, ko madafu, ɗanyar kwakwa da ake sare wa kai a miƙo maka. Zafin bakin teku mai laima ne, gumi ba ya bushewa, mutum na zubar da ruwa bai sani ba. Sai wanka. Sai saƙo gida da sunan hostal da lambarsa, hankalin iyaye ya kwanta. Sai salla, kuma a nan a kula: wanda ya saba fuskantar gabas zai karkace, domin Makka tana arewa da Zanzibar kusan sak. Masallatai sun wadata a tsohon garin, mafi yawan jama'a kuma 'yan mazhabar Shafi'iyya ne. Za ka ji liman ya bayyana bisimilla, ya yi alƙunutu a bayyane bayan ruku'u a sallar asuba. In barci ya ci ƙarfinka ka yi awa ɗaya, ka sa agogo. Wanda ya kwanta la'asar ya farka ƙarfe 11 na dare, da yunwa zai farka bayan an rufe shaguna.

Abincin daren farko ya zama mai zafi, wanda aka dafa a gabanka. Urojo, romo mai ɗan tsami da dankali da soyayyen ƙullu a ciki, yana gyara cikin da teku ya jijjiga. Akwai pilau da biriyani, akwai mishkaki, wato tsirensu, da ruwan rake da ake matsewa da citta da lemun tsami. Lambun Forodhani bayan magariba ya cancanci zuwa, amma kifi da jatan landen da aka jera a tebur tun yamma a bar su sai ciki ya saba, a kuma tambayi farashi kafin a ɗora komai a faranti. Duk wanda ya zo da tayin yawon gonakin kanumfari, ko zuwa tsibirin Changuu ganin manyan kunkuru, ka ce masa kesho, gobe, bayan ka tambayi abokan ɗaki abin da suka biya.

Ɗakin haɗaka yana da ladubbansa, ba a rubuce suke ba, amma ana jin haushin wanda ya karya. Bayan ƙarfe 10 ba a kunna babbar fitila, ba a amsa waya a ciki. Abin da za ka buƙata da asuba ka fitar da shi tun dare, ka sa agogo ya yi girgiza kawai. Mai minshari kuwa ba yadda za a yi da shi, dominsa aka zo da abin toshe kunne.

Tikitin komawa a saye shi tun da sauran kwana. A lokacin kusi tsallakawa daga Zanzibar zuwa Darussalam ta fi jijjiga, domin jirgin iskar yake fuskanta, kuma ranar da teku ya ɓaci ana iya jinkirta tashi ko a soke. Kada ka haɗa jirgin ruwa da jirgin saman komawa gida a rana ɗaya. Ka tsallako ana gobe, ka kwana a Darussalam.